Keken Shanu Ko Kafaɗa?

Karatu: 2 Sama'ila 6:1-15
Ayar haddacewa: 1 Tarihi 15:13

Idan ka shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, za ka tarar da karofin da tarihi ya ce ana rini a cikinsa tun shekarar 1498. Tsaya ka kalli marini. Yakan haɗa ruwa da baba da toka da kanwa a rami, ya bar su kwana da kwanaki har su nuna. Sa'an nan ya tsoma zane, ya ɗaga, ya bar iska ta buge shi. Zanen yakan fito kore-kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Mai wucewa zai ce wannan ɓata lokaci ne. Da marinin zai rage tsomawa, zai gama zane goma kafin rana ta take, amma launin da mai zane ya biya kuɗi dominsa ba zai fito ba. Ya gama aiki da wuri, bukata kuwa ba ta biya ba.

Abin da ya sami Sarki Dawuda ke nan a karatunmu na yau. Nufinsa mai kyau ne, yana so ya kawo akwatin alkawari Urushalima. Ya tara mutum 30,000, aka ɗora akwatin a sabon keken shanu, dabarar da Filistiyawa suka yi amfani da ita lokacin da suka mayar da shi. Keke ya fi sauri, ba mai gajiya, ba mai ciwon kafaɗa. Ana kiɗa ana waƙa, sai shanu suka yi tuntuɓe. Uzza ya miƙa hannu ya riƙe akwatin, nan take ya mutu. Akwatin ya yi wata 3 a gidan Obed-Edom. Sauri ya haifi nawa.

Kada ka ce Allah yana ƙin keke. A Littafin Ƙidaya sura 7, Musa ya ba zuriyar Gershon keke 2, ya ba zuriyar Merari keke 4, don ɗaukar labule da katakan alfarwa. Zuriyar Kohat kaɗai ba a ba su ko ɗaya ba, gama kayayyaki masu tsarki a kafaɗa ake ɗaukarsu. Hikimar ita ce ka san kayan da ke na keke da wanda ke na kafaɗa. Da Dawuda ya gane haka, Lawiyawa suka ɗauki akwatin da sanduna, bayan taki 6 aka tsaya aka miƙa hadaya. Tafiyar ta yi nawa, amma akwatin ya isa, kuma da murna.

Ni ma na taɓa ɗora kayan kafaɗa a keke. Akwai shekarar da na daina ziyarar gida gida, na koma aika saƙon waya guda ɗaya ga dukan 'yan'uwa kowace safiya. Minti biyu na gama, ina jin na yi ƙoƙari. Ashe wani ɗan'uwa yana kwance makonni, saƙona yana shiga wayarsa kullum, ƙafata ba ta taka ƙofarsa ba. Ran da na je, ya dube ni ya ce, "Fasto, ayoyinka sun zo, kai ne ba ka zo ba." Na roƙi gafararsa, na roƙi ta Ubangiji.

Kai fa? Lissafin kuɗi, sanarwa, tsarin taro, waɗannan ka ɗora su a keke, ka yi su da sauri ba tare da ɓarna ba. Amma addu'arka, tarbiyyar 'ya'yanka, sulhu da matarka ko mijinki, renon sabon tuba, waɗannan na kafaɗa ne. Suna bukatar tsomawa da ɗagawa, yau da gobe, har Ruhu Mai Tsarki ya kama zuciya yadda baba ke kama zare.

Abin yi yau: Rubuta ayyuka uku da ke gabanka. A gaban kowanne ka rubuta "keke" ko "kafaɗa". Wanda ke na kafaɗa, ka ba shi lokacinsa cikakke kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na zaɓi sauƙi na bar umarninka. Ka cika ni da Ruhunka, in bambance abin da zan hanzarta da abin da zan ɗauka a kafaɗa. Kada gaggawata ta jawo wa wani asara. Cikin sunan Yesu mai iko. Amin.

Furci: Aikina zai kai inda Allah ya nufa. Ba zan yi gudu a banza ba. Halleluya!