Ƙaddara ce ta karya gadar Morandi?

Ranar 14 ga Agusta 2018, ana tsaka da ruwan sama, wani sashe na gadar Morandi da ke birnin Genoa a Italiya ya rufta. Mutum 43 suka rasu, cikinsu har da direbobin manyan motoci da ke bakin aikinsu. Mai imani zai ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ƙarewar kwana ba ta wanke wanda aka damƙa wa amanar gada.

An buɗe gadar a 1967. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da ita a cikin kankare aka binne su, danshi da iskar teku mai gishiri suka yi ta cin su a ɓoye. Tun 1979 injiniyan da ya zana ta, Riccardo Morandi, ya yi gargaɗi kan tsatsa. A farkon shekarun 1990 aka ƙarfafa igiyoyin ginshiƙi na 11, aka bar na 9, shi ne kuwa ya faɗi. Malaman fikihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala: idan bango ya karkata ta gefen hanya, aka faɗakar da mai shi a gaban shaidu, ya samu sararin rushe shi amma ya ƙi, sannan bangon ya danne mai wucewa, to diyya ta tabbata a kan mai bangon. Malaman da suka yanke wannan hukunci sun fi mu sanin babin ƙaddara, duk da haka ba su ga ya ci karo da ita ba.

Wani zai ce abin da Allah ya rubuta, gyara ba ya hana shi. Haka ne, amma ba a nuna wa kowa abin da aka rubuta ba. Abin da aka nuna wa masu kula da gadar shi ne tsatsa, a kanta kuma za a tambaye su. Wani kuma zai ce ai direbobin ne ke lafta kaya fiye da kima har gada ta gaji. Direban da ya yi haka da saninsa yana da nasa alhakin, ba na musu. Amma yawanci mai kaya ne ke yanke yawan lodi, sikelin auna motoci kuma a hannun hukuma yake. Direba yana iya duba birkinsa da tayoyinsa kafin ya kama hanya. Cikin kankare kuwa ba shi da hanyar leƙawa, dole ya hau bisa yarda cewa waɗanda ke karɓar kuɗin hanya a hannunsa sun duba.