Saitin Intanet na Gida: Nauyin Saninsa a Wuyan Wa Yake?

Ƙaramar na'urar raba intanet, wadda ake kira rauta, ta shiga gidaje da shaguna a Wurno da Rabah da Goronyo, amma ba kowane mai ita ne yake iya saita ta ba. Yawanci mai sayarwa ne yake sa mata layin MTN ko Airtel, ya haɗa ta da waya, mai saye ya biya ya tafi. Ranar da ta tsaya, sai wurin mai gyaran waya.

Wahalar tana da dalilai. Shafin saitin da Turanci yake zuwa, cike da gajerun sunaye irin su SSID da DHCP da WPA2, waɗanda ko mai jin Turanci ba lalle ya gane su ba. Hanyar shiga shafin kuma jerin lambobi ce kamar 192.168.0.1, da aka buga da ƙananan baƙaƙe a bayan na'urar ko ƙarƙashin batir. Sannan abin da ake sarrafawa ido ba ya ganinsa: ko data ce ta ƙare, ko sabis ne ya yi rauni, abin da mutum zai gani dai shafi ya ƙi buɗewa. Injiniyoyi ne suka tsara wannan da harshen sana'arsu, kowane kamfani kuma da nasa fasalin.

A nan ne tambayar addini take tasowa. Malamai sun kasa ilimi gida biyu: wanda ya wajaba a kan kowa, da wanda idan wasu suka ɗauke shi ya sauka daga kan saura. Imam Gazali ya sanya likitanci da lissafi a kashi na biyu, kuma sanin cikin na'ura nan ya dace. Sai dai littafin Ahalari ya koyar da cewa baligi ba ya shiga aiki sai ya san hukuncinsa. Saboda haka akwai ɗan abin da mai rauta ba shi da uzurin jahiltarsa: canza kalmar sirrin da ta zo da ita, sanin waɗanda suke hawa layinsa, da kula da abin da 'ya'yansa suke kallo, domin gida amana ne. Haka nan shan datar maƙwabci ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, ko da bai kulle ba. Misali, manomin rani a ƙasan madatsar Goronyo ba ya buƙatar sanin yadda aka gina ta a kan kogin Rima, amma dole ya iya buɗe ruwan fadamarsa ya toshe.

Nauyi mafi girma yana kan masani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani saboda amfanin jama'a. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta mayar da ilimi waƙoƙin Hausa da Fulfulde, ta tura jajoji, wato malamai mata, su kai wa matan ƙauyuka. Bisa wannan gado, kamfanin da ya bar shafinsa a harshen da masu saye ba sa ji ya gaza. Mai gyaran da yake ɓoye kalmar sirri don a riƙa dawowa wurinsa ya ci amana. Cikar aikinsa ita ce ya zaunar da mai na'ura, ya nuna masa da Hausa, ya bar shi ya canza kalmar da hannunsa.