Dawaki Ɗari Bakwai a Ƙarƙashin Ƙafa Ɗaya

Shin ya dace mutum ya zuba dukiyarsa ya sayi ƙarfin da ya san ba zai taɓa amfani da shi duka ba? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo tsakanin masu tunani, amma da wuya mu sami wurin da ta fito fili kamar a sha'anin wasu motoci na ƙasar Amurka waɗanda za mu kira motoci masu ƙwanji. Su dai motoci ne masu ƙaton inji, galibi mai silinda takwas wanda ake ce wa V8, masu rurin da ke girgiza ƙirji, kuma tayoyin baya ne ke tura su. Mai sha'awar irin wannan mota yakan kwana yana auna wace zai zaɓa tsakanin Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. A ganinmu, cikin wannan aune-aune akwai jarrabawar hali da ta cancanci mu tsaya mu duba.

Bari mu fara da tarihi kaɗan, domin mai karatu ya san inda aka fito. A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya fito da GTO, shi kuma Ford ya fito da Mustang a watan Afrilu na shekarar. Chevrolet ya mayar da martani da Camaro a 1966, sannan Challenger ta biyo baya a matsayin ƙirar 1970. A wancan zamani fetur yana da araha a Amurka, matasa kuma suna da 'yan kuɗi a aljihu. Sai dai daɗin bai jima ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, duk suka taru suka karya lagon waɗannan motoci. A 1974 ma gwamnati ta ƙayyade gudu a kan mil 55 cikin sa'a a duk faɗin ƙasar, ba a kuma soke dokar gaba ɗaya ba sai a 1995.

Bayan shekaru masu yawa sai aka farfaɗo da su. Mustang ta 2005 ta ɗauko kamannin kakanninta, Challenger ta dawo a 2008, Camaro kuma ta dawo a matsayin ƙirar 2010. Daga nan gasa ta yi zafi fiye da da. Challenger Hellcat ta 2015 ta zo da ƙarfin doki 707, Camaro ZL1 ta kai 650, sannan a 2023 Dodge ya yi bankwana da Demon 170 mai ƙarfin doki 1,025. A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro, saboda haka mai son su yanzu sai ya nemi ta hannu. Mustang ce ta ci gaba da fitowa, inda samfurin Dark Horse na 2024 yake da ƙarfin doki 500.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Hellcat tana iya gudun kusan kilomita 320 cikin sa'a. Amma mafi girman gudun da doka ta yarda da shi a kan titi a Amurka shi ne mil 85, wato kimanin kilomita 137, a wata babbar hanya ta jihar Texas. Ke nan fiye da rabin gudun da mai motar ya biya kuɗinsa, doka ba ta yarda ya taɓa shi ba muddin yana kan titin jama'a. Mai hankalin lissafi zai ce wannan wauta ce tsagwaronta, tunda ƙaramar mota mai silinda huɗu za ta kai shi ofis a daidai lokacin da Hellcat za ta kai shi, kuma da fetur kaɗan.

Mu kam ba mu yarda da wannan hukunci ɗungurungum ba. Rayuwar ɗan Adam ba ta tsaya ga buƙata kaɗai ba. Mu da muka san mutumin da ke ciyar da doki shekara guda cur, ya saya masa harawa da dusa da kayan ado, alhali kwanakin da zai hau shi a bainar jama'a ba su fi a ƙirga da yatsu ba, bai kamata mu yi mamakin Ba'amurken da ke goge motarsa kowace Asabar ba. Akwai jin daɗin da ke cikin sanin abu ciki da waje, da sauraren injinsa, da gyara shi da hannunka, da zama cikin abokai masu irin sha'awarka. Wanda ya hana mutane irin wannan jin daɗi da sunan lissafi, ya mayar da rayuwa busasshiya. Saboda haka sha'awar ita kanta ba mu ga laifinta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin tambayar wa zai biya kuɗin sha'awar. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Mukan kawo wannan karin magana don mu ce a bar kowa da zaɓinsa, amma mu lura cewa a cikinta akwai akuya, kuma ba wanda ya nemi shawararta. A 2023 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da bincike kan mutuwar direbobi a motocin ƙirar 2020 da makamantansu. Cikin motoci 21 da direbobinsu suka fi mutuwa, shida samfurori ne na Camaro da Challenger da Charger da Mustang. Wasu daga cikinsu kuma sun fito a jerin motocin da suka fi halaka direban ɗaya motar da aka yi karo da ita. Abin lura a nan shi ne, akwai motocin alfarma masu ƙarfin inji kusan iri ɗaya da waɗannan, amma suna cikin waɗanda aka fi tsira a cikinsu. Wannan ya sa masu binciken suka karkata ga cewa yadda ake tallata motar da yadda mai ita ke ɗaukar kansa suna da hannu a cikin lamarin.

Dalilin haɗarin ba ɓoyayye ba ne. Idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Haka kuma motar da tayoyin baya ke turawa, idan aka take mata totur da ƙarfi a kan kwana ko a jiƙaƙƙen titi, sai bayanta ya zame ya juyo gaba. Kamfani yana iya sayar wa mutum dawaki ɗari bakwai a yini ɗaya, amma gwanintar riƙe linzaminsu sai an ɗauki shekaru ana koyo, kuma dila ba ya tambayar kowa ko ya koya.

Saboda haka muke ganin zaɓi na gaskiya yana farawa ne da mutum ya tambayi kansa abin da yake so, ya kuma ba kansa amsa ba tare da ƙarya ba. Idan tuƙi yake so, wato shan kwana da sauya giya da jin yadda mota ke amsa hannu, to Camaro ta yi suna wajen riƙe hanya, ko da yake an sha kukan cewa ƙananan tagoginta suna hana direba ganin gefensa sosai. Idan tafiya mai nisa cikin walwala da tsohuwar siffa yake so, Challenger ta fi faɗi da nauyi, kuma manya na iya zama a kujerarta ta baya. Idan sabuwa yake so, mai garantin kamfani, Mustang tana nan, har da mai silinda huɗu mai ƙarfin doki 315, wadda ta ishi mafi yawan direbobi har ta yi saura. Idan kuwa abin da yake so shi ne a juyo a kalle shi, to gara ya faɗa wa kansa haka, domin mai neman kallo shi ne ya fi saurin take totur a inda jama'a suka taru.

Wani abu da ya faru a 2024 ya ƙara haskaka wannan batu. Dodge ya fito da Charger Daytona mai aiki da lantarki, mota mai ƙarfi ƙwarai amma marar salansa ta gaske, sai aka sanya mata na'urar da ke kwaikwayon rurin inji. Masu sha'awa da yawa suka fusata, suka ce yaudara ce. Mun fahimci fushinsu, amma fushin ya tona wani asiri. Tunda motar tana da gudu kuma duk da haka ba ta gamsar da su ba, ashe dama gudun ba shi kaɗai suke nema ba. Suna neman ƙara da jijjiga da warin fetur da tunawa da zamanin iyayensu. Wanda ya gane haka game da kansa ya huta, domin zai iya samun duk waɗannan a gudun kilomita 80, ba tare da ya jefa kowa cikin haɗari ba.

Ga wanda kuma ƙishirwarsa ta gudu ce da gaske, Amurka cike take da filayen tsere inda ake biyan kuɗi a shiga, da makarantun koyon tuƙin gudu. A can, idan ya yi kuskure, tayarsa da aljihunsa ne za su ji a jika. Mu a wurinmu wannan ne ma'aunin da ya raba mai sha'awa da mai ganganci: na farko yana shirya yadda zai ɗauki nauyin jin daɗinsa shi kaɗai, kuɗin fetur da inshora da taya da horo duk yana lissafa su tun kafin ya sa hannu a takarda, na biyun kuwa yana barin wani ɓangare na kuɗin ga mai tafiya a ƙasa da mai ƙaramar motar da ke gabansa.

Amsarmu ke nan ga tambayar da muka fara da ita. Ya dace mutum ya mallaki ƙarfin da ya fi buƙatarsa, da sharaɗin haƙurinsa da gwanintarsa su kai girman ƙarfin, daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya san ƙafarsa ba ta jin magana, Mustang mai silinda huɗu ta fi masa alheri, ko da abokai za su yi masa dariya a wurin taro.