Haƙƙin Kifin Da Aka Tsare A Gilashi

Mutumin Talata Mafara ba baƙon kifi ba ne. Tun kafin a gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 masunta ke kama tarwaɗa da karfasa a Gulbin Sakkwato, daga Maradun har Bakura. Wannan kifin ci ne, hukuncinsa sananne. Amma zamani ya zo da wata ɗabi'a daga manyan birane, watau ajiye kifi cikin akwatin gilashi a falo, ba don ci ba, sai don kallo. To, shin ya halatta a tsare mai rai domin jin daɗin ido kurum?

Kifin da ya fi dacewa a auna tambayar da shi shi ne shuɗin nan mai rawayar wutsiya, wanda Turawa ke kira bulu tang, yara kuma suka san shi da Dori ta finafinan 2003 da 2016. Mazauninsa tekun Indiya da na Fasifik, tsakanin duwatsun murjani, kuma yakan kai tsawon ƙafa guda.

Asalin tsare dabba dai ba haramun ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba, har ma ya tambaye shi labarin tsuntsun. Su ne kuma suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin lura, laifinta biyu aka ambata: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. Ke nan mai tsarewa yana da ƙofa biyu, ciyarwa ko saki. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara ta uku, cewa wanda ya kasa ciyar da dabbarsa a sa shi ya sayar.

A nan ne sha'anin wannan kifi ya bambanta. Kyanwa in an sake ta sai ta kama ɓera, kurciya ta koma dawa. Shi kuwa, duk wanda tausayi ya sa ya zuba shi a Bakolori ya kashe shi ne, domin ruwan daɗi ajalinsa ne. Alƙur'ani ya ambaci ruwayen nan biyu, mai daɗi da mai zartsi, a surar Furƙan da ta Faɗir, kowanne da halittunsa. Ƙofar saki a rufe take. Ta sayarwa ma, wa zai saya a kasuwar Mafara? Saura ciyarwa kaɗai.

Ciyarwar kuwa ba ta tsaya ga ɗan ganyen teku da ake jefa masa ba. Ruwan shi ne iskarsa, shi ne ƙasarsa, duka sun hau wuyan mai shi. Sai an haɗa gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ba kuma gishirin miya ba. Sai ɗumin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, alhali kuwa a watan Afrilu zafin Mafara yakan haura 40. Sai akwati mai cin ɗaruruwan lita, domin kifi ne mai yawo, da injin tace ruwa da ba ya hutawa dare da rana. Tarwaɗa takan leƙo sama ta shaƙi iska, shi ya sa take kwana da ranta a baho. Wannan in wuta ta ɗauke, ruwan ya tsaya, sai ya fara shaƙewa. In ya takura, fararen ɗige-ɗige na cuta su feso masa. Ga shi ba shi da murya. Akuya in ta ji yunwa takan yi kuka har maƙwabci ya yi magana, kifi kuwa sai dai a wayi gari a tarar da shi a kife.

Akwai kuma nauyin da ya riga saye. Sai a 2016 aka fara samun hayayyafarsa a tsare, a Jami'ar Florida ta Amurka, kuma yawancin na kasuwa daga teku ake kamo su. A Filifin da Indonesiya wasu masunta kan fesa dafi a murjani don kifin ya suma, da yawa su mutu a hanya. Wanda ya taɓa ganin gulbin da aka zuba wa magimfa ko Gamalin ya san irin ɓarnar. Kuɗin mai saye ne ke biyan wannan aiki.

Wani zai ce ai kallon halittar Allah tunani ne, tunani kuwa ibada. Gaskiya ne. Saboda haka mai wadata da sanin aikin, wanda ya tanadi wutar rana, ya kuma bincika inda kifin ya fito, babu mai ikon haramta masa. Sai dai ayar surar An'am da ke jawo hankali ga dabbobi ta ce al'ummu ne kamar mutane, ba ta ce ƙawar ɗaki ba ne. Lissafin da shari'a ke nema daga gare shi kafin ya miƙa kuɗi ake yin sa: wa zai tashi ga injin a daren bazara in batir ya mutu, wa kuma zai auna gishirin in mai gida ya tafi aikin Hajji?