Dariya a Gaban Gawa: Tsokaci Kan Wani Littafin Kisan Kai da Masu Karatunsa

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so in gabatar wa 'yan'uwana marubuta domin mu haɗu mu yi mata taron dangi. Tambayar kuwa ita ce: shin ya dace mai hankali ya yi dariya a wurin da aka zubar da jinin ɗan Adam, ko da a cikin ƙagaggen labari ne? In kuma bai dace ba, laifin wa ke nan, na marubucin da ya shirya abin dariyar, ko na mai karatun da ya dara?

Abin da ya ta da wannan magana shi ne wani littafi da na saya a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, mai suna A Rage in Harlem, na wani baƙar fatar Amurka, Chester Himes. Na karanta, na ara wa abokan aikina uku a ɗakin malamai, sai ga shi kowannensu ya dawo mini da hukunci daban.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Labarin ya faru ne a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta birnin New York. Tauraron, Jackson, wani bawan Allah ne mai saurin yarda, yana aiki a wurin wani mai sana'ar shirya gawa da binne ta. Saboda son da yake yi wa wata mace, Imabelle, ya kwashe duk abin da ya tara, dala 1,500, ya miƙa wa 'yan damfara da suka ce za su gasa masa takardun dala goma-goma a murhu su koma na ɗari-ɗari. Murhu ya fashe, kuɗi suka bi ruwa, ya saci na maigidansa, ya kai caca aka cinye. Daga nan ya nemi taimakon ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye, Goldy, wanda ke yin shigar mata masu hidimar coci yana sayar wa jama'a tikitin shiga aljanna. Mai karatu bai gama dariyar wannan ba sai a watsa wa wani ɗan sandan ciki, Coffin Ed, ruwan guba mai cin nama a fuska. Can gaba kuma a yi wa Goldy yankan rago, a cusa gawarsa cikin motar ɗaukar gawa, Jackson ya figi motar a guje ya ratsa kasuwa yana watsar da kayan mutane, bai san abin da ya ɗauko ba.

Masu Karatu Uku

Na farko, wani matashin malami, ya dawo da littafin bayan kwana biyu yana share hawayen dariya. Ya ce, “Malam, rabon da in yi dariya irin wannan har na manta. Akwai wani?” Da na tambaye shi mutuwar Goldy fa, sai ya ce ai maganin ɗan damfara ke nan.

Ta biyu, wata malama da ta girme mu duka, ba ta kai ƙarshe ba. Ta ajiye mini shi a kan tebur ta ce, “Malam, wannan ba littafin da mutum zai shigar gidansa ba ne. Wanda ya mai da ran mutum abin wasa, ransa ne ya bushe. Kuma ka dubi yadda ya tona wa mutanensa asiri a gaban Turawa.”

Na uku, malamin tarihi, ya riƙe shi mako uku. Da ya kawo sai ya ce, “Na yi dariya, amma daga baya na ji kunyar dariyar. Har yanzu ban san ko in gode wa mutumin nan ko in yi fushi da shi ba.”

Na daɗe ina juya waɗannan maganganu. A ganina malamin tarihi ne ya karanta littafin da aka rubuta, kuma ga dalilina.

Wane Ne Ya Rubuta?

An haifi Himes a 1909 a jihar Missouri. Yana yaro, wasu sinadarai suka fashe a fuskar yayansa a wurin wani gwaji na makaranta, aka kai shi asibitin Turawa suka ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa, yaron ya makance. A 1928, yana da shekara 19, aka ɗaure shi saboda fashi da makami, kuma yana cikin kurkukun jihar Ohio lokacin da gobarar 1930 ta hallaka fursunoni sama da 300 a wurin. A kurkukun ya fara rubutu, aka sake shi a 1936. Littattafansa na farko, irin su If He Hollers Let Him Go na 1945, kukan wariyar launin fata ne tsantsa, ba wasa ba raha. Bai sami abin kirki daga gare su ba, don haka a 1953 ya tattara ya koma Faransa. A can ne Marcel Duhamel, editan jerin littattafan 'yan sanda na kamfanin Gallimard, ya ba shi shawarar ya gwada labarin kisan kai. Littafin da muke magana a kai ya fara fitowa a Amurka a 1957 da sunan For Love of Imabelle, a bugu mai araha, ba a kula shi sosai ba. Fassararsa ta Faransanci kuwa ta ci babbar kyautar adabin 'yan sanda ta ƙasar a 1958. Ya rasu a Sifen a 1984.

Na kawo wannan tarihi ne don amsa zargin malama na farko. Mutumin da ya ga fuskar ɗan'uwansa ta ƙone, ya kuma ji ihun waɗanda wuta ta ritsa da su a kulle, da wuya a ce bai san nauyin rai ba. Ya yi shekaru yana faɗin abin da kuka ba a saurare shi ba, sai ya koma faɗinsa da dariya.

Dariya Suna Ta Tara

Hausa ta riga ta raba mana gardama, don ba ta ɗauki dariya abu guda ba. Akwai raha, wadda ake yi tsakanin masoya, kowa ya tashi da farin ciki. Akwai dariyar ƙeta, ta wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi ya ji daɗi. Akwai kuma yaƙe, wato buɗe haƙora alhali ciki na ƙuna, irin wanda muke cewa ya fi kuka ciwo. Duk ukun da baki ɗaya ake yinsu, amma kowace da inda take fitowa a zuciya.

Dariya kan wahalar wani ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Tun muna yara muke dariyar muguntar da Gizo ke ƙulla wa Kura. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta jefa juna cikin uƙuba, mu kuwa muna ƙyaƙyatawa. Sai dai a can mun san za a tashi a karkaɗe riga a ci gaba da tafiya, shi ya sa dariyar ta tsaya a raha. Kisa ba haka yake ba, wanda aka yanka ba ya tashi. Saboda haka dariya a gaban gawa ba za ta zama raha ba, ko dai ta zama ƙeta ko ta zama yaƙe. Aikin marubuci shi ne ya san wacce yake nema.

Ta yaya za a gane? Ma'aunina guda ne: a duba ko wanda aka kashe ya ci gaba da zama mutum a idon mai karatu. Himes ya bar mu mun saba da Goldy, mun san dabararsa da rauninsa, mun ga ya shiga rigimar ɗan'uwansa ko da da kwaɗayi a ciki. Da aka zo yanka shi, marubucin bai kawar da kai ba, bai kuma sassauta ba, ya sa mu kallo har ƙarshe. Sannan ya mai da mu cikin tseren mota mai ban dariya alhali mun san abin da ke kwance a bayanta. Dariyar da ta fito a nan tana maƙalewa a wuya, kuma wannan maƙalewar ita ce kunyar da malamin tarihi ya ji. Abin dariyar ma, in an lura, rayuwar ce da ta sa mai aikin yi ya gaskata murhu zai ninka masa kuɗi, ta sa matalauta sayen aljanna da tikiti.

A kwatanta wannan da littafin James Hadley Chase, marubucin da yawancinmu muka yi ta karɓar aron littattafansa a makarantar sakandare. A 1944 George Orwell ya rubuta sharhi kan littafinsa No Orchids for Miss Blandish na 1939, inda ya soke shi da cewa yana koya wa mai karatu sha'awar mugunta da bautar mai ƙarfi. Abin da ya dami Orwell shi ne ɓangaren da aka tsayar da mai karatu: a bayan mai wuƙa, yana jin daɗin ikonsa. Himes kuwa yana tsayar da kai cikin taron marasa ƙarfi, inda wuƙar za ta iya sauka a kanka.

Inda Malama Take da Gaskiya

Duk da haka ba zan ce malama ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Matashin abokin aikinmu hujja ce a gare ta: littafi guda, amma shi ƙeta ya tsinta a ciki. Haka nan muna iya tambaya, Bafaranshen da ya karanta shi a birnin Faris a 1958, bai taɓa taka Harlem ba, da wa yake dariya, kuma wa yake yi wa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ya yi wa ɗakinsa ba'a mun san ciwo ne. In baƙo ya tsaya a waje yana dariyar yoyon, magana ta canza. Marubuci ba shi da ikon zaɓen wanda zai buɗe littafinsa.

To, laifin wa ke nan? A nawa ra'ayin nauyin ya rabu biyu. Marubuci zai amsa tambaya kan abin da ya shuka a shafi: ya bar wa mamacin mutuncinsa ko ya mai da shi buhun da ake jefarwa don a dara? Mai karatu kuma zai amsa kan abin da ya zaɓa ya ɗauka. In marubuci ya ajiye ciwon a fili mai karatu ya tsallake shi, wannan tsallakewar tasa ce. In kuwa babu ciwon sam, to marubucin ne ya koya wa mutane bushewar zuciya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da hoton gawar gaske ke yawo a wayoyin yaranmu.

Kammalawa

Ga 'yan'uwa masu sha'awar rubuta labarin kisan kai da bincike, shawarata uku ce. Ta farko, kada ka kashe wanda ba ka fara rayar da shi ba. Ka ba shi suna, da buri, da wanda zai yi kukansa. Ta biyu, ka dubi inda dariyarka ta nufa: kan azzalumi da wautar zamani, ko kan wanda aka zalunta? Ta uku, in ka gama babin ka karanta wa mutum biyu ko uku, ka lura da fuskokinsu bayan dariyar ta wuce. In sun yi shiru na ɗan lokaci, ka yi aiki. In sun ce ka ƙara wani kisan don a ƙara darawa, ka koma ka sake.

Malama har yau ba ta ƙarasa littafin ba, ni ma ban matsa mata ba, don wanda ya ƙi kallon jini bai yi laifi ba. Matashin kuwa na mayar masa da shi, na ce ya sake karanta babin mutuwar Goldy a hankali, ya zo mu yi magana. Ina jiran abin da zai ce, kamar yadda nake jiran ra'ayin masu karatu a fitowa ta gaba.