Ganyen Magarya

A watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. A cikin kwanakin nan ne wata mata ta iso birnin Sakkwato daga wani ƙauye can wajen Sabon Birni, ɗa ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa. Daren da aka shigo musu gari, mijinta ya tura ta cikin gonar gero ya ce ta yi gaba, zai kwance shanu ya biyo sawunta. Bai biyo ba.

Ta sami mafaka a wani kango a bayan gari, ginin da mai shi ya kai linta ya tsaya, ba ƙofa ba taga sai buhunan da aka rataya a maimakon labule. Mata sun fi ashirin a ciki, kowace da ƙauyen da ta baro. Ba wanda ya damu da sunanta na yanka. Uwar Tagwaye aka ce mata, sunan kuwa ya bi ta.

Ta sayar da zannuwanta biyu da 'yan kunnen aurenta, amma wayar hannunta ko taya ta ba ta yarda a yi ba. Kullum da hantsi sai ta kai ta wurin mai caji a bakin titi, ta tsaya har ta cika, ta dawo ta jingina da bango tana danna lambar mijin. Ta san babu layi a garinsu, ta dai danna. Da aka mayar da layi, lambar ta zama a kashe. Wani malami da ta je wurinsa ya gaya mata hukuncin da ke cikin littafin Risala game da matar wanda ya ɓata: idan ta kai maganar gaban alƙali za a yanka mata shekara huɗu ana cigiya, sannan ta yi takaba. Shekara huɗu! Ta dawo kangon ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Wadda mijinta ya mutu a gabanta ana zuwa a yi mata gaisuwa, ta yi kukanta, ta ƙirga wata huɗu da kwana goma ta fita. Ita wannan ba ta da abin ƙirgawa.

Salla kam ba ta bari ba, sai dai takan sallame ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Kitson da ta zo da shi ya tsufa a kanta har ya cukurkuɗe.

A lungun kangon akwai wata tsohuwa daga wajen Goronyo, kowa Goggo yake ce mata. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, hannuwanta kuma na rawa, ko ƙoƙon koko sai an tallafa mata. Kowace safiya tambayarta ɗaya ce.

"Ɗiyata, an ji labari?"

"Ba a ji ba, Goggo."

"Allah ya sa mu ji alheri. Taso ki zuba mini ruwa a buta."

Haka suka yi wata uku. Goggo ba ta taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, kuma ina ganin hikima ce, don kalmar ta riga ta gaji da yawo a kangon nan.

Wani dare cikin hunturu wata yarinya mai cikin fari ta haihu, jini ya ɓalle mata. Kafin a samu mai Keke Napep da zai yarda ya shigo lungun da tsakar dare, rai ya yi halinsa. Mata suka ɗauki salati da kuka. Da kuka ya lafa sai aka shiga kallon-kallo, domin kowace a garinsu akwai tsohuwar da ke wankan gawa, kuma ba wadda ta gudo tare da tata tsohuwar. Wasu ma tsoro ya hana su matsawa kusa.

Goggo ta dafa bango ta miƙe. "Uwar Tagwaye, ba wa maƙwabciyarki yaran nan ki zo."

"Goggo, wallahi ban taɓa ba. Ko kallo ban taɓa yi ba."

"Ni na sani, hannu ne ba ni da shi. Ke kina da hannu. Yarinyar nan ɗiyar wasu ce, uwarta ba ta nan. Za mu bar ta ta tafi haka?"

Aka aiki wani yaro da asuba ya yago ganyen magarya a bakin rafi. Goggo ta sa aka daka shi a turmin aro, aka zuba a ruwa aka kaɗa har ya yi kumfa. Aka kewaye wani ɗaki da zannuwa, daga su biyu sai wata mai miƙo ruwa. Tsohuwa ta zauna a kan bulo daga wajen kai tana faɗa da ƙaramar murya, Uwar Tagwaye tana yi. Lulluɓe ta da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, kada ki yaye. Naɗe tsumma a hannunki. Danna cikin a hankali, kamar mai tsoron ta farka. Yanzu yi mata alwala irin ta salla. Fara da dama. Juya ta, riƙe kafaɗar, kada ki sake ta ta faɗi. Sau uku, in bai wadatar ba biyar, mara dai ake so. Ruwan ƙarshe da kafur.

Da farko hannun Uwar Tagwaye ya fi na Goggo rawa. Da ta zo kan gashi, ta tsefe kitson yarinyar, ta wanke, ta raba shi gida uku tana kitsawa, sai ta ga ashe hannun ya tsaya. Ta ji bakinta yana yi wa yarinyar addu'a, kuma a karon farko tun daren gonar gero ta san abin da bakin nata yake faɗa.

Goggo ta ce, "Abin da idonki ya gani a ɗakin nan, a nan zai kwana. Amana ce."

Sai da maza suka ɗauki makara suka fita sannan ta tuna da wayar. Tana can kan bango inda ta ajiye ta tun tsakar dare.

Da yamma ta tambayi Goggo inda ta koyi wannan. Tsohuwa ta ce a wurin kakarta, ita kuwa kakar jaji ce, cikin 'Yan Tarun Nana Asma'u. Uwar Tagwaye ta sha jin sunan Nana Asma'u 'yar Shehu, amma a zatonta wata waliyyiya ce da ta rayu cikin daula, ba ruwanta da irin wannan wahala. Goggo ta girgiza kai. Ta ce Nana ma 'yar gudun hijira ce.

Gaskiya ta faɗa. An haifi Nana Asma'u a 1793, tana da kamar shekara 11 aka tashi jama'ar mahaifinta daga Degel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ciwo da ƙaura daga sansani zuwa sansani, kuma a yaƙin Tsuntsuwa malamai da mahaddata Alƙur'ani da yawa suka kwanta dama. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi. Yarinyar da ta tashi cikin wannan ta san yawan matan da yaƙi ya bari a ƙauyuka babu miji, babu wanda zai koya musu ko tsarki. Da ta girma sai ta riƙa zaɓen dattijuwa amintacciya a gari, ta ɗora mata malfa ta naɗa mata jan ƙyalle, ta zama jaji. Jajin ce ke jagorantar tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, su tako a ƙasa har Sakkwato da ɗan abin da suka samu na zuma da man shanu da hatsi. Su zauna gaban Nana su haddace waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci a kan tauhidi da salla da halin kirki, su koma su rera wa matan da ke cikin kulle. Waɗannan 'Yan Taru su ne kuma masu wankan gawar mata, masu sharar masallaci, masu sasanta waɗanda suka saɓa. Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin a Wurno, abin ya yi ta bin hannu har ya iso ga wata tsohuwa mai ido ɗaya a cikin kango.

Nakan yi tunanin wannan duk lokacin da na ji ana maganar tallafa wa matan da aka raba da gidajensu. Buhun shinkafa da keken ɗinki da ɗan jari duk ana bukatarsu, mai yunwa ba ya jin karatu. Amma akwai wata yunwar da ba a auna ta da mudu, ta mutumin da ya wayi gari yana ganin ba shi da sauran amfani ga kowa, sai jira. Goggo ta gano wannan yunwar a jikin Uwar Tagwaye tun ranar farko, shi ya sa take aikenta ɗebo ruwan da wata ma za ta iya ɗebowa.

Daga ranar wankan nan Uwar Tagwaye ta riƙa zama gaban Goggo bayan sallar isha'i. Suka fara daga Fatiha, aka gyara mata wuraren da take haɗiyewa tun tana yarinya. Suka bi farillan alwala da abin da ke warware ta, da hukuncin jinin biƙi, da yadda ake ƙabli da ba'adi. Abin da ta koya da dare, da safe take maimaita wa matan da ke surfe da tankaɗe, don Goggo ta ce karatun da ya kwana biyu a ciki ɗaya tsami yake yi. Ta samu wata ta tsefe mata kai ta yi mata sabon kitso. Ta fara soya awara a bakin titi, kusa da mai cajin nan. Wayar tana nan ɗaure a bakin zane, takan danna lambar sau ɗaya bayan sallar asuba, ta saurara, ta mayar.

Goggo ta rasu a farkon 2023, lokacin da takardun Naira suka yi wuya har likkafani sai da aka yi karo-karo da ƙyar. Uwar Tagwaye ce ta wanke ta. Ba ta bukaci a gaya mata komai ba.

Har ranar da na bar zuwa unguwar, labarin mijin bai zo ba, na rai ko na mutuwa. A daren ƙarshe da na kwana kusa da su, wajen ƙarfe biyu, wani dattijo ya yi sallama daga bakin buhun ƙofa, ya ce daga kangon da ke bayan gidan mai yake, matar ɗansa ce Allah ya yi wa cikawa, an ce a nan akwai mai wanka. Uwar Tagwaye ta gyara wa yaranta mayafi, ta ɗauki ƙullin busasshen ganyen magarya da take ajiyewa a cikin kwalla. Sannan ta taɓa ƙafar wata budurwa da ke kwance kusa da ita.

"Tashi ki riƙe mini fitila."

"Inna, ni tsoro nake ji."

"Na sani. Ɗauko butar nan ma, ki biyo ni."