Kurɓar Ruwa a Wurin Ibada: Rashin Ladabi ne ko Lalura?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Maiduguri ya san ranar Afrilu ba ta wasa. Zafi kan haura digiri 40, rufin kwano ya zama kasko, iskar fanka ma ta zama hucin wuta. A irin wannan lokaci ne maganar ta taso a majalisarmu ta Hausari. Wani maƙwabcinmu Kirista ya ce dattawan cocinsu suna ƙorafi kan matasa masu shiga sujada da gorar ruwa, fasto na wa'azi suna kwankwaɗa kamar a filin ƙwallo. Muka yi dariya, can kuma muka yi tsit, don kowa ya tuno sahun waje ranar Juma'a, kan kwalta, liman na huɗuba, ana tsotsar ruwan leda.

Dattawan nan suna da hujja, kada mu raina musu. Ba wanda zai je gaban Shehun Borno, ana magana ya ɓalle leda da haƙori. In mutum ya san wannan ladabi a fada, me zai sa ya manta da shi a ɗakin Allah? Malamanmu na Malikiyya sun hana ci da sha ga mai sauraron huɗuba. Hadisi ma ya nuna ko wasa da tsakuwa a lokacin yasassshen aiki ne, balle ƙarar leda da miƙa hannu ana neman canji.

To amma addinan biyu ba su taɓa ɗaukar ruwa kamar tuwo ba. A Katolika akwai azumin awa ɗaya kafin karɓar jibin Ubangiji, sai dai an cire ruwa da magani. Tun 1953 Paparoma Pius na 12 ya bayyana cewa ruwa ba ya karya wannan azumi. A wajenmu, Shafi'iyya sun yarda mai jin ƙishi ya sha ana huɗuba, abin da ba su so shi ne sha don marmari kawai. Nan ne, a ganinmu, gaɓar take. Tsoho mai ciwon suga, ko mai goyo da ta taho a ƙafa daga Gwange, in ya kurɓa don kada jiri ya kwashe shi, ibadarsa yake ceto. Wanda maƙogwaronsa ya bushe ƙamas ba wa'azi yake ji ba, agogo yake kallo. Shi kuwa saurayin da ya sha a gida, ya zo yana juya gora don hannunsa bai iya zama ba, wannan sabo ne, kuma sabo ana iya barinsa awa guda.

Matsalar ita ce daga nesa ba ka iya bambance su. Ciwo ba ya rubutu a goshi. Shi ya sa mai harara ya fi ba mu tsoro fiye da mai sha. Mun dai san hukuncin wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru ana huɗuba: shi ma ya yi yasasshiyar magana. Wato garin gyaran ibadar wani, ka zubar da taka.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba, mai riƙe da makirfo. Annabi (SAW) ya nuna gajarta huɗuba alamar fahimtar addini ce. Limamin da ke cikin inuwa, ya ja mutane minti arba'in a tsakar rana, yana da kaso a kowace ledar da aka ɓalle a waje. Maƙwabcinmu ya ce haka abin yake a wajensu ranar da sanarwa ta fi wa'azi tsawo.

Kafin mu tashi, wani dattijo ya kawo shawarar a ajiye randa da moɗa a bakin ƙofa, kowa ya sha kafin ya shiga, mai lalura kuma ya zauna a gefe da ruwansa ba mai kallonsa. Maƙwabcinmu ya ce zai kai wa dattawansu ita ran Lahadi.